Kafin a Ce "A Kai Baba Gida"

Duk wanda ya daɗe a Agege ta Legas ya san irin wannan zaman. Bayan sallar isha'i 'ya'ya da ƙanne su taru a ɗaki, a turo ƙofa, a rage murya. Baba ya fita tun hantsi ya ce zai leƙa masallaci, ba a gan shi ba sai bayan la'asar, a bakin titin jirgi wajen Pen Cinema, da takalmi ɗaya a ƙafa. Makon jiya ya rantse matar ɗansa ta ɗauke masa kuɗin goro, alhali shekara shida rabonsa da sayar da goro. Sai babban yaya ya ce, "Ni dai ina ganin a kai shi gida. Ikko ba wurin tsoho ba ne." Kowa ya ce haka ne. Kafin Juma'a an yi karo-karon kuɗin mota, an kira 'yan'uwa a Kano ko Katsina ko Sakkwato, an ce ga Baba nan tafe, jikin ne sai a hankali.

Na zauna a irin wannan zama fiye da sau ɗaya, kuma da wuya ka ji wani ya ce a fara kai shi likita ya duba. Mutanen nan suna ƙaunar mahaifinsu, babu wanda zai ce ba haka ba. Abin da ya hana su shi ne sun riga sun san sunan ciwon: gigin tsufa. Abin da kuwa aka ce tsufa ne, wa zai ɗauki kuɗinsa ya kai asibiti a kansa?

To a nan gizo ke saƙar. Wannan kalma ɗaya, gigi, muna rufe abubuwa aƙalla uku da ita, kuma biyu daga cikinsu suna jin magani.

Akwai ruɗewar da ke zuwa farat ɗaya. Tsoho yana lafiya shekaranjiya, yau ba ya gane ɗakinsa, yana ganin mutane a jikin bango, da rana ya yi ta gyangyaɗi, da dare ya yi ta fizge-fizge. Wannan yawanci ba a kai ciwon ya faro ba. Zazzaɓin cizon sauro ne, ko ciwon sanyin fitsari, ko namoniya, ko suga ya faɗi, ko fitsari ya riƙe saboda kumburin mafitsara irin na maza, ko ƙarancin ruwa a jiki. Jikin tsoho ba lallai ya yi zafi ba kamar na yaro. Sau da yawa ruɗewar ce kaɗai alamar. Wani lokacin ma maganin da muka sayo a kemis ne sila. Baba ba ya barci, sai a karɓo masa diazepam ko Lexotan ko Piriton, a ƙara masa idan bai yi ba. Waɗannan ƙwayoyi suna dagula kan tsoho, suna sa shi jiri, ya faɗi a banɗaki ya karya ƙugu. Irin wannan ruɗewa maganar gaggawa ce, ta kwana ɗaya ko biyu. Idan aka gano musabbabin aka magance, mutum yakan dawo hayyacinsa. Ka ɗauki mai irin wannan hali ka sa shi a mota, tafiyar kwana da wuni zuwa Arewa, ba ruwa sosai, ba barci, ka san abin da ka yi masa.

Sai ciwon damuwa, wanda ni a ganina shi ne ya fi yawa a cikin dattawanmu na nan, kuma shi aka fi rashin ganewa. Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa sun yi wani babban bincike kan tsofaffi 'yan shekara 65 zuwa sama a ƙasar Yarabawa, aka buga sakamakon a 2007. Sun samu cewa kusan mutum ɗaya cikin huɗu ya taɓa fama da matsananciyar damuwa a rayuwarsa, kimanin kashi 7 cikin 100 kuma sun yi fama da ita a cikin shekarar da aka yi tambayar. Mafi yawansu ba su taɓa samun wani magani a kai ba. Ba kan Hausawa aka yi binciken ba, amma babu dalilin da zai sa mu ɗauka cewa ɗan Arewa da ya tsufa a ɗakin haya a Idi-Araba ya fi su kwanciyar rai.

Sai dai dattijon Bahaushe ba zai taɓa cewa "ina cikin baƙin ciki" ba. Kana tambayarsa ya jiki zai ce alhamdulillahi, ko da kuwa ya kwana bai rintsa ba. A wurinsa kukan zuci ya yi kama da rashin tawakkali, ga kunyar 'ya'ya. Abin da zai ce shi ne kansa yana zafi, ƙirjinsa ya yi nauyi, wani abu yana yi masa yawo a jiki, abinci ba ya masa daɗi. Sai a je a gwada jini, a ce maleriya da taifot, a sha magani, bayan wata guda a koma, a sake cewa maleriya da taifot. A hankali ya daina zuwa majalisa, ya daina kunna rediyo, ya fara cewa "ni ai na gama nawa." Kana yi masa tambaya ya ce bai sani ba, ba don ya manta ba, don ba shi da ƙarfin zuciyar tunawa. Daga nesa sai ka rantse mantuwa ce.

Kuma idan ka duba rayuwarsa za ka ga daga ina abin ya taso. Mutumin da ya yi shekara arba'in ana sallama da shi a kasuwar Mile 12 ko a mayankar Oko-Oba, wanda baƙi daga Arewa ke sauka a hannunsa, ana kawo masa sulhu, yanzu ya wayi gari cinikin ya koma waya, yara suna turo kuɗi ta banki ba su bi ta kansa ba. Abokan zamansa wasu sun rasu, wasu sun koma gida. Ɗan da ke ciyar da shi ya bar gari tun da aka hana acaba a manyan unguwanni a 2022. Wasu daga cikin dattawan nan sun ga rikicin Ketu na 1999 da na Idi-Araba na 2002 da idonsu, sun binne mutane, ba su taɓa zama sun faɗa wa kowa abin da suka gani ba. Wannan ciwo yana jin magani, na sha da na zama a yi magana, kuma tsofaffi suna warkewa daga gare shi kamar kowa.

Na ukun shi ne ainihin cutar mantuwa, wadda ke cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, shekara da shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ne ke ɗauke da ita a duniya, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Nau'in da ya fi yawa shi ne wanda aka sa wa sunan likitan Jamus, Alois Alzheimer, da ya fara bayaninsa a 1906. Wani nau'in kuma hawan jini ne ke kawo shi: ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa su yi ta toshewa ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci bayan shanyewar ɓarin jiki, wani lokaci ba tare da an lura ba. Wannan na biyun ya kamata ya fi tsaya mana a rai, ganin yawan dattawan da ke shan maganin hawan jini sai ran da kai ya yi ciwo.

A nan Nijeriya an yi aiki a kan wannan cuta wanda duniya ta san da shi. Daga 1992 likitocin Ibadan, ƙarƙashin marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun da Farfesa Adesola Ogunniyi, tare da takwarorinsu na Amurka, suka kwatanta tsofaffin Ibadan da baƙaƙen fatar birnin Indiyanafolis. A Ibadan sun samu kusan kashi 2 cikin 100, a can kuwa kusan kashi 8. Wani bincike da aka yi a Zariya aka buga a 2011 shi ma bai kai kashi 3 ba. Adadin ya yi kama da ƙarami, amma duk gidan da abin ya faɗa wa ya san ba a auna shi da kashi. Har yanzu babu maganin da ke warkar da ita. Akwai ƙwayoyi irin su donepezil da ke ɗan rage saurin lalacewar ga wasu, na wani lokaci. To me ye amfanin zuwa asibiti? Amfanin shi ne a tabbatar ita ce, ba ruɗewar farat ɗaya ko ciwon damuwa ba, ba kuma ƙarancin sinadarin B12 ko matsalar maƙoƙo ba, waɗanda su ma suna kwaikwayonta kuma suna jin magani. Sannan iyali su san abin da ke tafe. Surukar da aka ce ta saci kuɗi ta san ciwo ne ke magana. Aure nawa ya mutu a kan wannan zargi?

Abin mamaki, asibiti ba nisa ya yi mana ba. Asibitin koyarwa na Jami'ar Legas yana Idi-Araba, kusan katanga ɗaya da unguwar Hausawa, kuma yana da sashen masu taɓin ƙwaƙwalwa. Na jihar yana Ikeja. Babban asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Yaba, jirgin cikin gari na Jan Layi da ya fara ɗaukar fasinja a 2024 yana tsayawa a Agege, yana tsayawa a Yaba. Nisan a zuci yake. Kalmar Yaba a bakin mutanen Legas daidai take da Dawanau a bakin Bakano ko Kware a bakin Basakkwace: zagi ce. Turawan mulkin mallaka suka buɗe wurin a 1907 a matsayin ma'ajiyar mahaukata, kuma dokar da ta yi mulkin wannan fanni shekara da shekaru, ta 1958, dokar tsarewa ce fiye da ta magani. Sai a Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta tanadi haƙƙin majinyaci, da sashe na musamman a ma'aikatar lafiya, da asusun kuɗi. Doka ta canza a takarda. Ɗan da zai ce wa mahaifinsa mai shekara tamanin, alhaji, mai jikoki, "Baba, shirya mu je Yaba," har yanzu ba a haife shi ba.

Ko an daure an je, akwai ƙarancin hannu. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta sha faɗin cewa ba su kai 300 ba a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, kuma ana ta ficewa zuwa Ingila da Kanada da Saudiyya. Waɗanda suka ƙware a kan tsofaffi kaɗai 'yan ƙalilan ne a cikinsu. Cibiyar kula da lafiyar tsofaffi ta farko a ƙasar nan sai a 2012 aka buɗe ta, a asibitin koyarwa na Ibadan. Cibiyar Dattawa ta Ƙasa kuwa a 2021 ta fara aiki.

Amma akwai wata katanga da ta shafe mu mu kaɗai, kuma ban cika jin ana maganarta ba: harshe. Likitan ƙashi yana da hoto, likitan suga yana da gwajin jini. Likitan ƙwaƙwalwa kuwa magana ce kayan aikinsa. Baba na iya jin Yarabancin ciniki da ɗan burokan Turanci, amma cutar mantuwa takan fara kwashe harshen da aka koya daga baya, ta bar mutum da na nono. Sai ɗa ya zama tafinta. Likita ya ce a tambaye shi ko yana jin rayuwa ta ishe shi, ko yana tunanin mutuwa, ko fitsari yana kuɓuce masa. Wane ɗan Bahaushe ne zai dubi idon ubansa ya faɗi wannan? Sai ya juya ya ce, "Baba, wai ya jikin?" Baba ya ce, "Da sauƙi." Ɗa ya juya ya ce wa likita lafiya lau. An gama.

Su kansu tambayoyin gwajin akwai gyara. A ce wa mutum yau nawa ga wata na Bature, ya zana agogo, ya yi ta ɗebe bakwai daga ɗari. Dattijon da bai taɓa riƙe fensir ba, wanda ke lissafi da watan Musulunci da lokutan salla, zai faɗi wannan jarrabawa ko da kansa garau yake, alhali shi ne ke riƙe bashin mutum talatin a ka. Likitocin Ibadan sun gane haka tuntuni, har suka ƙirƙiro gwajin da ake jera tsinkayen ashana maimakon zane. Ka tambaye shi sunan limamin unguwa, ko raka'a nawa ce magariba, ko nawa ake sayar da kwandon tumatir bana, za ka fi sanin inda kansa yake. Ɗan rakiyar da ya san wannan zai iya gaya wa likita tun farko: Baba bai yi boko ba, amma da can shi ke lissafin shago.

Kuɗi kuma sai dai a yi shiru. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 naira ta faɗi, farashin magani ya tashi, musamman na waje. Yawancin dattawanmu ba su taɓa aikin albashi ba, balle fansho. Jihar Legas tana da inshorar lafiya, Ilera Eko, wadda aka yi don mazauna jihar, ba 'yan asalinta kaɗai ba, amma ka zagaya Zango ka tambayi dattawa goma ko sun ji sunanta.

Saboda haka malam ake fara nema, kuma ni ban ga laifin hakan ba. Tofi da rubutu da karatun Alƙur'ani a kusa da tsoho suna kwantar masa da hankali, sau da yawa ma mai cutar mantuwa yakan manta sunan ɗansa amma ka ja masa Fatiha ya ƙarasa. Tun a shekarun 1950 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya nuna a Aro, kusa da Abeokuta, cewa ana iya haɗa hannu da masu maganin gargajiya da iyalai a yi jinya a cikin gari. Inda ake ɓata rawa da tsalle shi ne lokacin da aka ce sammu ne, kishiya ce, kurciya aka yi masa shi ya sa yake fita yawo. Daga nan a hana shi maganin hawan jini, a turara masa hayaƙi a ɗaki a rufe, wani wurin har da ɗauri da duka wai ana fitar da aljani. Alhali Alƙur'ani da kansa, a Suratun Nahli da Suratul Hajji, ya ambaci wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin shekaru har ya zama bai san komai ba bayan ya sani. Ba a ce aljani ba a wurin, ba a ce asiri ba. Malamai kuma sun san an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe. Da limamai za su riƙa faɗin wannan a mumbari, da an daina tsawata wa tsoho don ya yi azahar sau uku, ko a tilasta masa azumi yana shan maganin suga.

Mu koma kan maganar gida. Wani lokacin shawara ce mai kyau. Wanda ya zo ci-rani ya zarce, matarsa da 'ya'yansa suna can, gona tana can, a nan kuwa benci ne makwancinsa a bakin get ɗin da yake gadi, wannan babu abin da ya fi masa komawa, bayan an duba shi an ba shi takardar da zai nuna a asibitin Kaduna ko Kano ko Maiduguri. Amma akwai wanda kakansa ne ya zo fataucin goro zamanin da aka shimfiɗa titin jirgi, shi a Agege aka yanke masa cibiya. Akwai wanda ya zo yana saurayi, yau shekara hamsin. Mai cutar mantuwa da abin da ya saba yake rayuwa: ƙofar da ya sani, muryar ladan, mai shayin da ke ce masa "Alhaji, an fito?" Ka ɗauke shi ka kai shi gidan ƙanin da bai gani ba shekara ashirin, sai ruɗewar ta ninku, ya yi ta neman hanyar komawa, a can kuma a ce ai haukan ya yi ƙarfi, a kulle shi a ɗaki. An gudu daga gara an faɗa gidan zago. Kuma wa ke karɓarsa a can? Kusan kullum mace ce, 'ya ko matar ƙane ko tsohuwar matar da ita ma jinya take nema, ba wanda ya yi mata bayanin ciwon, kuɗin da aka yi alkawarin turowa kuma ya tsaya bayan wata uku.

Tsofaffin mata nasu ya fi muni. An sha ganin yadda a titunan Legas ake taruwa a kan tsohuwar da aka tsinta da asuba a ruɗe, tana sambatu, a ce mayya ce ta faɗo daga sama, a ɗauki bidiyo, wani lokaci a kai ga duka. Tsohuwar da ba ta jin Yarabanci, ba ta iya faɗin unguwarsu, ba ta da mai kare ta a wannan taro. A cikin gidajenmu ma kalmar maita ba ta yi nisa da bakin mutane ba idan tsohuwa ta fara surutai da dare. Waɗanda ba su da kowa kuwa ƙarshensu bara, a gada ko a gidan mabarata na Okobaba da ke Ebute Metta. Gidajen tsofaffi akwai su, na gwamnati a Yaba, na 'yan Katolika a Mushin, da masu zaman kansu masu tsada, amma a al'adarmu kai uba can daidai yake da a ce ka yar da shi.

Abin da muke da shi wanda wasu ba su da shi a garin nan shi ne tsari. Kowace unguwa da sarkin Hausawa, kowace kasuwa da shugabanni, kowane lungu da masallaci. Idan aka yi rasuwa, cikin awa ɗaya an haɗa kuɗin likkafani da mota. Wannan hannun da ke iya jana'iza zai iya ajiye mutum biyu ko uku, mace da namiji, masu jin Hausa da Turanci, waɗanda ba 'ya'yan majinyaci ba, su riƙa raka tsofaffi asibiti. Zai iya kawo ma'aikacin jinya ya auna jini bayan Juma'a. Wani kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa ya ƙiyasta a 2024 cewa kusan kashi 45 cikin 100 na cutar mantuwa yana da alaƙa da abubuwa 14 da ake iya gyarawa, cikinsu har da hawan jini, suga, taba, kaɗaici, raunin gani da raunin ji. Wannan na ƙarshen ya ba ni mamaki da na fara jinsa, sai na tuna dattawan da suka daina zuwa majalisa don kawai ba sa jin abin da ake faɗa, suna jin kunyar cewa "na'am?" sau uku. Wani dattin kunne ne kawai, wani yanar ido ce da aikin rabin awa zai cire.

Ga wanda ya riga ya fara fita yawo kuwa, kulle ƙofa ba ya hana shi, sai dai ya ƙara masa fushi. Wasu gidajen sun koma sanar da mai shayi da mai kanti da yaran bakin layi, duk wanda ya ga Baba ya nufi titi ya ce, "Alhaji, zo mu gaisa," ya zaunar da shi ya aika gida. Ana kuma ɗinka masa 'yar takarda a cikin aljihun riga, da sunan unguwa da lambar waya biyu. A rubuta ta da Turanci da Yarabanci, domin wanda zai tsince shi a Oshodi da wuya ya iya karanta Hausa.